Mastura a Gidan Bira

Ranar da aka sallamo Mastura daga asibiti, da auduga manne a idonta na hagu, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba. Kicin ta wuce, ta buɗe firij, ta zura hannu can ƙuryar ƙasa. Yatsunta suka taɓa bango mai sanyi. Ta laluba dama, ta laluba hagu. Wayam.

"Wejdan! Ina robar nonon da na ajiye a nan?"

'Yarta ta leƙo, makullin mota na hannunta. "Wadda ta lalace? Na zubar, ya Ummi. Kwananta ya wuce, ga tsami. Na wanke miki firij ɗin tas don ki dawo ki samu..."

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga mahaifiyarta ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa.

"Uwa ce a ciki," in ji Mastura da wata murya da ba tata ba. "Kwalbarta ce ta tsage, na juye ta a roba."

Makullin ya faɗi daga hannun Wejdan.

Duk wanda ya tashi a gidan ya san Uwa. Mastura sobiya take yi, abin shan nan na sha'ir da mutanen Jidda ba sa jin sun yi buɗa-baki sai da shi. Amma tata daban ce, da tsiron gero da citta da kanumfari, kuma kowane haɗi sai an zuba masa ludayi ɗaya daga haɗin da ya gabace shi. Wannan ludayin da ake ragewa shi suke kira Uwa. Kakarta ce ta fara shi a wani ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa, shekarar da ta sauka aikin Hajji ba ta koma ba. Daga hannunta ya koma hannun 'yarta, daga nan ya zo hannun Mastura, bai taɓa yankewa ba. Ko da aka rushe tsohuwar unguwarsu aka watsa mutane ko'ina cikin gari, a cinya ta riƙo shi har wannan benen na unguwar Safa. Yanzu kuwa ya bi rariya, ga Sha'aban ya yi nisa, kuma da an ga wata mutanen tsohuwar unguwa za su fara hawo benen da galan-galan, don sobiyar nan ce kaɗai abin da ya rage musu na can.

Ba ta zagi Wejdan ba. Da ma zagin ta yi, da yarinyar ta fi samun sauƙi.

Da idon ya warke ta gwada haɗi babu Uwa. Ta jiƙa, ta niƙa, ta tace, ta rufe. Ta aika aka kira Malam Abdulghaffar, tsohon ma'aikacin tashar jirgi, wanda tun yana saurayi yake shan sobiyar gidansu. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya dubi silin.

"Ba laifi," ya ce, ya ajiye kofin da saura a ciki.

Bai kai ƙofar bene ba ta tuttular da tukunyar.

Washegari Wejdan ta shigo da sauri tana tura mata waya a fuska. "Ummi, shufi, duba. Kin tuna Nuraddeen ɗan Rabi'u tela? Ya buɗe wuri a Khumra. Ya rubuta cewa kafin a rushe unguwa ya bi gida-gida ya karɓi sobiyar duk matan da ke yi, kuma har yau suna raye a wurinsa. Raye, Ummi!"

Mastura ta matso da wayar. Hoton kofi ne mai ruwan zuma, da kumfa fara a kai.

"Mene ne wannan?"

"Bira ce. Amma babu maye, wallahi, ko ɗigo. Irin ta kanti ce, sai dai su da hannunsu suke dafawa. Wuraren sun yi yawa yanzu, kowa na zuwa."

"Ni Mastura, da furfurata, a gan ni a gidan bira?"

"To, khalas, shi ke nan. A bar ta a can."

Da aka idar da la'asar Mastura ta fito da abayarta ta zuwa unguwa, ta ce, "Yalla, mu je. In na ga abin da bai yi mini ba, ko gaisuwa ba zan amsa ba."

Khumra unguwar sito-sito ce da garejoji. Suka ratsa tsakanin manyan motocin ɗaukar kaya, suka wuce leburori zaune a inuwar katanga, Mastura na ta jan tasbaha. Wejdan ta tsaya gaban wani sito da aka shafa wa shuɗin fenti, motoci jere a bakinsa kamar ana biki.

Ƙamshin ne ya fara tarbar Mastura tun kafin ƙofa ta gama buɗewa. Tsiro ne a kan wuta. Nan take ta ga tsakar gidan kakarta, da buhun da ake lulluɓe jiƙaƙƙen gero har ya fito da farin gashi. Ƙafarta ta shiga da kanta.

Sai ta tsaya cak.

Rufin ya yi nisa kamar na masallacin Juma'a. Can ciki, bayan gilashi, wasu tankuna na ƙarfe ne tsaye, dogaye kamar bishiyar dabino, an goge su har ta hango kanta a jikinsu, 'yar mitsitsiya baƙa, an ja ta ta yi tsawo. Bututu na fita daga wannan ya shiga wancan. Tururi na tashi a hankali ya gauraya da hasken yamma da ke saukowa ta saman rufi. A gabanta kuma wani dogon teburin katako ne, bayansa famfuna jere a bango, kowanne da mariƙinsa. Wata yarinya da ɗankwali ja ta karkata kofi ta ja mariƙi ɗaya, wani abu ja kamar zoɓo ya gangaro, kumfa ta hau ta tsaya daidai baki, ba ta zuba ba. Ta ja wani, ya fito baƙi wuluk kamar gahawa. Ta ja na uku, ruwan zinariya.

"La'ilaha illallahu," in ji Mastura. Tun da aka cire mata yanar ido launuka ke ba ta mamaki, amma ba ta ga irin waɗannan ba.

Ta duba mutanen, tana neman mai tangaɗi. Ba ta samu ba. 'Yan mata ne da kwamfutocinsu, samari cikin fararen riguna suna gardama a kan kofuna, wasu ma'aikatan jinya 'yan Filifin da kayan aikinsu, har da wani dattijo mai jan gemu yana sa wa jikarsa tsinken sha a kofi. Kowa ya ɗauki kofi sai ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina, sannan ya kurɓa kaɗan. Ita da ta saba a miƙo galan a ce cika, yau ta ga ana girmama abin sha kamar baƙo.

"Khala Mastura?"

Wani dogon mutum ne da gemu da takalmin roba har gwiwa ya zagayo da sauri yana goge hannu. Khala, wato inna, haka yaran unguwa ke kiran mata sa'anninta. Ya sunkuya ya sumbaci goshinta ta kan mayafi.

"Kai ne Nuraddeen? Mai majinar nan da ke satar mini ƙanƙara?"

"Ni ne, Khala. Majinar ta tafi, ƙanƙara kuma yanzu ina da inji."

"Kafin na zauna, gaya mini. Ni na san hatsi. In ka bar shi ya wuce lokacinsa, ya zama abin da Allah Ya hana. Ni zubarwa nake yi. Kai da waɗannan rumbunan ƙarfen, me kake yi?"

Ya yi murmushi, ya buɗe mata ƙofar gilashin. Ya sa ta dafa jikin wani tanki, ta janye hannu da sauri don sanyi.

"Ke da hanci kike tsare ta, ni da sanyi. Kafin ta yi tunanin juyawa na kwantar da ita. Ga kuma wannan," ya nuna wata 'yar na'ura, "kowane haɗi sai ya bi ta nan. In ta nuna abin da bai kamata ba, rariya. Na sha zubar da tanki guda, ina kuka ina zubarwa."

"Tanki guda?"

"Guda. Da na fara, mahaukaci ake ce mini. Yanzu akwai masu yi a bakin teku, akwai a tsohon gari, wata yarinya ma da dabino take yi, ta fi ni hannu. Muna haɗuwa, kowa ya kawo tasa a ɗanɗana."

Ta sake dafa tankin, ta kara kunne. Can ciki wani abu na motsi siriri, irin sautin da tukunyarta ke yi da asuba. Tukunyarta ce, an hura ta ta kai rufi.

Wejdan ce ta kasa haƙuri. Rabi da Hausa rabi da Larabci ta zayyana masa komai, robar nono, rariya, da "ba laifi" ɗin Malam Abdulghaffar. "Shi ya sa muka zo. Ka ba mu ta Ummi ko cokali ɗaya ne."

Fuskar Nuraddeen ta sauya. Ya dubi takalminsa.

"Khala, ku ne farkon waɗanda suka tashi. Ranar da na zo ƙofarku da kwalba, an riga an cire ƙyauren. Ba ni da taki."

Sai Mastura ta ji ƙarar injinan ta yi nisa. Wejdan ta toshe baki da hannu. Mastura ta gyara mayafinta, ta ce, "To. Allah Ya yi albarka. Mu je."

"Wallahi ba za ki fita ba ki sha komai ba. Babana zai tsine mini."

Ya zaunar da ita kusan da ƙarfi a kan wata doguwar kujera da ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ya kawo wani katako mai ramuka, kowane rami da ɗan ƙaramin kofi. Ya ce waɗannan duk daga sobiyar matan unguwa ya tayar da su, ya dafa su irin dafuwarsa.

Don kunya kawai ta ɗauki na farko. Yana da hel da yawa, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa, da wani ɗaci mai daɗi a ƙarshe da ba ta san shi ba. Na biyu tsamiya ce ta yi masa jagora. Ta yarda yaron ya iya. Ta ɗauki na uku, fari-fari mai duhu, ta kai baki tana tunanin yadda za ta sauko daga kujerar.

Kofin bai koma raminsa ba.

Ƙarƙashin kumfar, ƙarƙashin ɗacin nan nasa, akwai wani tsami mai laushi da ke zuwa a makare, ya zauna a gefen harshe, ya bar ƙamshi kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Ta rufe ido. Ta sake kurɓa.

"Ita ce."

"Ummi?"

"Uwa ce! Ka sa mata riga da hula, amma ita ce. Ko a kabari aka ɗiga mini zan gane ta. Ka ce ba ka da ita, ga ta!"

Nuraddeen ya dubi kofin, ya dubi famfon da ya zubo shi.

"Khala... wannan ta Khala Dalal ce."

Wejdan ta ja da baya kaɗan.

Dalal! Matar da ta kafa teburinta a tsallaken titi, daidai inuwar katangar masallaci, ta raba mata masu saye biyu tun suna amare. Matar da Mastura ta taɓa cewa a gidan suna, gaban mata, sobiyarta ruwan wankin kwano ce. Tun ranar ko gaisuwar Salla ba ta haɗa su. Kuma abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaya, shi ne ko sau ɗaya sobiyar Dalal ba ta taɓa shiga bakinta ba. Mai sayarwa ba ta shan ta abokiyar gasa. Haka ta tarar ana yi.

"Ka ruɗe. Nuna mini ita."

Ya kai ta wani ɗaki mai sanyi kamar cikin ƙanƙara. Kwalabe ne jere a kan kanta, kowacce da farin laka kwance a gindinta. Ya ɗauko ɗaya ya buɗe. Tun kafin ta kai hanci idonta ya kawo ruwa.

"Tsaya ki ga wani abu," in ji shi.

Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya tura shi ƙarƙashin madubin nan irin na asibiti mai ƙara girman abu, ya kunna allon da ke bango.

Da farko haske kawai ta gani. Ya murɗa wani abu, sai allon ya cika.

Ƙananan halittu ne, masu siffar ƙwai, dubbai, suna shawagi a hankali cikin haske, wasu a haɗe kamar carbi, wasu 'yan sirara suna rawar jiki a tsakaninsu. Sun cika ko'ina, kamar mutanen da ta gani daga saman bene a Harami suna zagaye, ba mai ture wani.

"Su wane ne waɗannan?"

"Su ne Uwa, Khala. Su ke cin zaƙin hatsi su ba ki tsamin. Duk wannan a ɗigo ɗaya."

Ta matsa har numfashinta ya taɓa allon. Ga wata babba, da wani ɗan ƙullutu a gefenta.

"Wannan fa? Ciwo ne?"

"Haihuwa take yi. Zai girma ya rabu da ita, shi ma ya haifi nasa. Haka suke yi tun daga tukunyar farko. Waɗannan jikokin jikokin waɗanda aka fara da su ne."

"Subhanallah." Ta ɗora yatsa a kan ƙullutun. "Subhanallahil azim."

Tun tana yarinya ake ce mata Uwa na da rai, a ciyar da ita, kada a bar ta da yunwa, kada a yi faɗa a kanta. Ta ɗauka maganar tsofaffi ce. Ashe al'umma guda take kiwo a ludayi, shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Kuma da aka zubar da nata, wasu na nan a sito a Khumra suna ta haihuwa, ba su san an rushe unguwa ba. Wejdan na gefenta tana kuka a fili.

Mastura ta share fuska da gefen mayafi. "Zuba mini cokali ɗaya."

Nuraddeen ya mayar da murfin a hankali.

"Ba zan iya ba, Khala. Kowace mace da ta ba ni sai da na yi mata alkawari ba zan bai wa kowa ba sai da izininta. Khala Dalal kuwa Alƙur'ani ta sa na dafa. Ta ce ko Bature ne ya zo in tambaye ta, za ta duba. Amma mutum ɗaya ko tambaya kada in yi."

"Wa?"

Idonsa ya tsaya a kanta.

Mastura ta dubi ƙofa. Ta dubi allon. Ƙullutun nan ya ɗan ƙara girma, ko idonta ne. Ta miƙa hannu.

"Kira mini ita. Ni zan tambaya."

Suka koma wajen teburin don ɗakin babu sabis. Wayar ta yi ta ƙara, sannan fuskar wata tsohuwa ta cika allon, kusa sosai, hanci da tabarau.

"Nuraddeen, ya waladi, yarona, ka tuna da... Wace ce wannan? A'uzu billahi. Mastura? Ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, in ga wa zai zo ta'aziyya."

"Ina kike haka? Gidan bira? Ke? Kai, bari in kira ɗana Badr ya ɗauki hoto!"

Mastura ta haɗiye abin da ya zo bakinta. A gajarce ta faɗi abin da ya faru da Uwa. Dalal ta daina dariya. Duk mai wannan sana'a ta san nauyin maganar.

"Allah Ya mayar da alheri," ta ce. "To ni mene ne nawa?"

"Wadda ke kwalbar yaron nan, tawa ce. Uwar gidanmu ce. Ban san yadda aka yi ta zo tukunyarki ba."

"Taki? Kakata ce ta fara ta da hannunta, a ɗakin bakin tasha!"

"Kakata ce ta fara ta a ɗakin bakin tasha!"

Dukansu sun san labarin ɗakin. 'Yan mata biyu da suka sauko daga jirgi ɗaya, suka kama ɗaki ɗaya, murhu ɗaya, har aure ya raba su. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da aka yi da tukunyar ranar rabuwa.

"To," in ji Dalal a hankali, "ashe kakarki ce ta ɗiba a ta kakata."

"Ko taki ta ɗiba."

"Tsaya tukuna." Tabaran ya matso. "Ta yaya kika san ɗaya ce? Sha kika yi?"

Mastura ta kawar da kai. "Na ɗanɗana."

"Kin sha ruwan wankin kwano?"

Dattijon mai jan gemu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Yaya kika ji shi? Faɗi da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi. A gaban mata kika faɗi waccan, wannan ma a gaban mutane nake so."

Mastura ta dubi kwalbar da ke hannun Nuraddeen, raɓa na gangarowa a jikinta. Ta tuna abin da ke ciki. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga wayar.

"Jama'a, ku shaida. Sobiyar Dalal uwar Badr, ban taɓa shan wadda ta fi ta ba." Ta numfasa. "Don irin tawa ce sak."

Aka fashe da dariya da tafi, har da 'yan Filifin da ba su ji ko kalma ɗaya ba. Dalal na dariya tana tari tana share tabarau.

"Ba za ki canza ba, ja'ira. Nuraddeen, na warware maka. Ba ta." Sai muryarta ta sauka. "Ki kula da ita, Mastura. Tawa ta mutu tun bara. Hannuwana sun ƙi, matar Badr kuma ba ta son warin. Ta kwalbar nan ce kaɗai ta rage. Amma da sharaɗi. Haɗin farko nawa ne, ranar ɗaya ga azumi, kuma ba aike ba. Da ƙafarki."

"Benenku akwai lif?"

"Babu. Hawa na huɗu."

"Allah Ya isa," in ji Mastura, amma tana murmushi.

Nuraddeen ya raba abin da ke kwalbar biyu, ya ba ta rabi a sabuwar kwalba mai kauri. Ya kawo jaka, ta ƙi. Cikin abaya ta sa ta, a jikin cikinta. A mota ta hana Wejdan gudu, ta yi faɗa da kowane rami na titin Khumra. Da suka isa gida ta jiƙa sha'ir da gero, kuma da lokacin haɗi ya yi ba ta ɗauki ludayin ba. Wejdan ta miƙa wa.

"Ke za ki zuba. Ki yi bismilla. Ki gaishe su, suna ji."

Yarinyar ta yi bismilla ta zuba. Da asuba suka kara kunne a jikin tukunyar su biyu, kai da kai. Tukunyar na magana.

Ranar ɗaya ga azumi, gab da magariba, Mastura ta hau benen nan tana hutawa a kowane hawa, Wejdan na biye da galan. Dalal na zaune a kan darduma, yatsunta a lanƙwashe, dabino a gabanta. Ba su rungumi juna ba. Da aka kira salla Dalal ta ci dabino, ta karɓi kofi da hannu biyu, ta ɗaga shi ga haske, ta kurɓa.

"Ba laifi," ta ce.

Sannan ta shanye shi tas, ta miƙo kofin a ƙara mata.